Ɗan Fari a Rumbu

Tun da hantsi Likoro ta ɗauki harama. Motar masu rigakafi ta tsaya a gindin tsamiyar ƙofar dagaci, aka sauko da wata bindiga mai igiya wadda ake takawa da ƙafa. A kanga ta a damtsen yaro, ta ce tas, shi ke nan wai an yi wa ƙyanda katanga. Yara su tafi da kuka, su komo suna gasar nuna hannu. Sankira yana ta shela cewa da la'asar motar za ta wuce Kudan, wanda ya rasa ya rasa.

Uwaliya tana jiyo shelar daga bakin turmi, tana daka. Bara da bazara ƙyanda ta ɗauke mata jaririya, tari da zazzaɓi, kafin a farga an kai ta makwanci. Saura mata ɗa guda, Ja'afaru, ɗan shekara huɗu. To amma ɗan fari ne, ɗan fari kuwa uwa ba ta kula shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi ba ta goya shi ba, sunansa ma bai taɓa fita daga bakinta ba. Kakarsa Maiturare, uwar mijinta, ita ke riƙonsa, ita yake ce wa Inna.

Maiturare kuwa da ta ji an ce bindiga, ga shi ana yaƙi a kudu, sai ta ce ba da jikanta ba. Ta ɗaga hular rumbu, ta zura yaron a kan dawa, ta ja masa kunne kada ya amsa wa kowa.

Uwaliya ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Inna, na ji ana kai yaran mutane."

"Na mutane ai kika ce," in ji tsohuwar. "Ke ina ruwanki da shi? Ko kunyar ce ta ƙare a duniya?"

Maigidan, Iliyasu, ya tafi cin rani Zariya, babu mai sa baki. Haka aka yi azahar. Da aka kira la'asar, tsohuwa ta shiga ɗaki ta ta da salla, sai ga ƙahon mota daga ƙofar dagaci.

Uwaliya ta yar da taɓarya, ta kafa turmi a jikin rumbu, ta haye, ta ɗaga hular.

"Kai yaro, miƙo hannu!"

Shiru. Yaron Inna ne, ya riƙe umarni.

"Kai wannan, da kai nake!"

Ko motsi. Ƙahon ya sake kuka. Ta waiga dama da hagu, kamar mai shirin satar kaza, ta tura kai cikin duhun rumbun.

"Ja'afaru," ta ce. "Ja'afaru, zo."

Sai ga ɗan hannu ya ɓullo, duk ƙaiƙayi.

Ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da mayafi, ta zuba da gudu. Wayyo, ranar matan Likoro sun samu na tsegumi! "Jama'a, ku fito ku gani, Uwaliya ta goyi ɗan fari!" Wata ta rangaɗa guɗa don tsokana, yara suka bi ta a guje suna ihu. Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ƙafarta ba ta tsaya ba. In za ka sha giya, sha ta dubu.

Ta tarar ana naɗe igiyar bindiga.

"Malam, don Allah, saura ɗaya!"

Ma'aikacin ya dubi ƙafafunta ba takalmi, ya yi murmushi, ya warware igiyar. Ya taka, ta ce tas. Ja'afaru ya tsandara ihu, Uwaliya kuwa ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Da suka juyo, ga Maiturare tsaye a bayansu da carbi a hannu, tana haki. Yaron ya zame ya ruga ya rungume ƙafarta. Tsohuwar ta ɗaga damtsensa, ta duba, ta shafa, ta tofa addu'a. Ba ta ko kalli surukarta ba.

"Marar kunya," ta ce a hankali, amma babu zafi a muryar.

Ja'afaru ya share majina, ya leƙo daga bayan zanen kakarsa, ya daɗe yana kallon matar da ta goyo shi.

"Inna," ya ce, "ashe Uwaliya ta san sunana?"