Ciwon da Ake Iya Faɗa

Wata huɗu ke nan Uzairu bai je shayin Juma'a a gidan abokinsa Khalilu ba, shi da a da ba a ɗora buta sai ya iso. Fitsari ne ya matsa masa. Daga unguwar Giza zuwa ta Ma'adi sai ya sauka daga jirgin ƙasa na metro sau biyu yana neman bayi. Wa zai faɗa wa wannan? Da abokai suka kira ya ce karatu ne, har suka gaji suka daina kira. Kaɗaicin ya fi ciwon cin ransa.

A asibiti Dakta Wijdan ta sa aka ɗebi jininsa.

"Alamar kumburi ta ɗan hau," in ji ta. "An ga haka a wasu masu matsalar mafitsara irin taka, amma ba a tabbatar wanne ke jawo wanne ba. Ka rage shayi."

Uzairu bai ji sauran ba. Kumburi a jini: ga ciwon da mutum zai faɗa a gaban jama'a ba kunya. Tun a bakin asibitin ya tura wa Khalilu hoton takardar.

Washegari bayan Azahar suka zo dubiya, su shida, da fulas ɗin shayi. Ɗakin ya cika da takalma da dariya, har ya ji ƙwalla.

"Haba Malam, kana fama kai kaɗai?" in ji Khalilu. "Ma'alish, sannu. Karɓi, da kaina na dafa."

Ba a mayar da hannun mai dubiya. Ya sha kofi biyu.

Kafin minti ashirin abin ya taso. Ƙofar bayin kuwa tana kallon tabarmar da suke zaune, siririn katako ne da ba ya rufa wa kowa asiri. In ya shiga sau ɗaya zai shiga sau uku, su kuma ba yara ba ne. Ya matse ƙafa, Khalilu na jan doguwar addu'a Allah Ya wanke jinin nan.

Ana shafawa Uzairu ya ce, "Likita ta ce in riƙa hutawa sosai."

Nan take suka miƙe suna ba da haƙuri.

"Khalas, shi ke nan," in ji Khalilu daga bakin ƙofa. "Ba za mu ƙara damunka ba sai ka warke."

Da ya fito daga bayi, kofunansu na nan a ƙasa, shayin bai ma huce ba.