Muryar Dada a Kaset

Kaset goma sha bakwai Baffa Arzika ya ba ni a cikin gwangwanin biskit, ya ce tunda na yi difloma a kan kwamfuta, in nuna amfaninta. Karatun Dada ne a ciki, mahaifiyarsa, kakata, wadda ta rasu kafin a haife ni. Duk ranar Alhamis matan Tambuwal sukan taru a tsakar gidanta ta karantar da su tsarki da salla. Baffa ne ya ɗauki kaset ɗin, shekarar da ya dawo daga Makka da sabuwar rikoda, zamanin da kuɗin fetur ya sa kowane alhaji yana sauka da akwatin rediyo a kafaɗa.

Mako biyu na yi ina juyar da su cikin kwamfutata. Na haɗa tsohuwar rikodar da kwamfutar da 'yar wayar sauti, na zauna a kan tabarma har bayana ya ƙage. Abin da ya fito kuwa bai yi daɗi ba. Akwai wani ƙugi kamar na zuma, ga tabarya, ga awaki, sannan can nesa wata murya da sai ka riƙe numfashi kake jin ta.

Baffa ya saurara na minti ɗaya ya miƙe. Washegari sai ga shi da wani mutum mai suna Tambaya, mai shagon ɗaukar sauti a Sakkwato. Aka kira ni zaure.

Tambaya ya ajiye wani ɗan baƙin akwati, bai kai tafin hannuna biyu ba. Ya ce, "Malama, kunnen da ke cikin kwamfutarki na wasan yara ne. Wanga shi aka sakawa tsakanin rikoda da kwamfuta, shi juya sautin tun daga waje. A ba ni kaset ɗin in tafi da su, in wanke su tas."

Na ce, "A gwada shi a nan tukuna."

Baffa ya harare ni. "Saudatu, baƙo na ne."

"Shi ya sa nika son shi gwada, Baffa, kada a ce mun raina kayansa."

Aka haɗa. Gaskiya ƙugin ya ɓace, ba zan yi ƙarya ba. Tambaya ya kishingiɗa yana murmushi. Ni kuma na tsaya ina kallon wayoyin, sai na lura cewa da ya zo haɗa nasa ya zare cajar kwamfutata daga bango don ya sami wuri. Na cire akwatinsa, na mayar da wayata, na bar cajar a zare. Na kunna. Babu ƙugi.

Na ce, "To ga shi. Wutar caja ce ke kuka."

"Amma muryar fa?" in ji Baffa.

Muryar tana nan inda take, can bayan awaki, da akwati da babu akwati. Tambaya ya ce ai sai a shago, inda yake da manyan injuna. Na tambayi Baffa inda ya ajiye rikodar ranar da ya ɗauka.

"Ina zan aje ta? Matan mutane cike da gida. Nan bakin zaure, bisa katanga."

"Ke nan akuya ta fi Dada kusa da ita. Babu akwatin da za shi jawo abin da kaset bai ji ba."

Ban faɗe shi da rashin kunya ba, amma haka Baffa ya ɗauka. Ya ce ranar Juma'a bayan masallaci Tambaya zai tafi da gwangwanin. Na san irin shagunan nan. Kaset ya shiga cikin dubu, zaren ya tsinke a hannun wanda bai san ko muryar wa ce ba, a ce Allah ya ba da haƙuri. Kwana uku gare ni.

Na koma na sake sauraron su ɗaya bayan ɗaya, kunnena a manne. A na goma sha ɗaya, kusa da ƙarshe, aka ji ƙarar taɓa rikoda, sai wata yarinya ta yi dariya daf da ita, wata kuma ta ce daga nesa, "Atu, aje masa abinsa kafin shi dawo!" Atu ƙanwar Baffa ce, Goggo Atu, tana aure a Kebbe. Na ce a raina, wadda ta saba taɓa rikodar nan ba za ta rasa abin faɗa mini ba.

Da safe na goya kwamfutar a baya da zane, na rungume rikodar, na hau kabu-kabu. Damina ce. Sau biyu na sauka na taka cikin laka har gwiwa, mai babur yana tura abinsa yana tambayata ko jinjirin ba ya kuka. A wani rafi takalmina ɗaya ya tafi. Na isa Kebbe bayan azahar, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Goggo Atu ta saurari bayanina, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗiyata, shekara arba'in nika ɓoye wanga laifi! Duk ranar da Arzika yat tafi kasuwar Jabo sai in ɗauke rikodar in kai ta bisa buzun Dada, gaban gwiwarta. Kaset ɗinsa na waƙa nika sata in ɗauka a kai. Har yau yana zaton ɓera ne."

Ta ɗaga tasoshin da ke jere a ɗakinta, ta fito da kaset uku a naɗe cikin kallabi. Na miƙa hannu, ta janye.

"A nan za ki ji su. Ba su ƙetare ƙofar ɗakin ga. In Arzika na so, shi zo da ƙafarsa."

Babu wuta a unguwar. Na dubi batirin kwamfuta, na sa sababbin batura a rikoda, na haɗa wayata. Da na danna, sai wata tsohuwa ta yi gyaran murya a cikin ɗakin, kusa, har ana jin ƙarar tasbaha a hannunta. Goggo ta daina dariya. Kaset biyu na juya, ina gama na biyun allon ya mutu.

Na kwana a Kebbe, na dawo Tambuwal ranar Alhamis da yamma, na sa caji. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na tarar da Baffa da Tambaya a zaure, gwangwanin yana tsakaninsu. Ban yi dogon bayani ba. Na ajiye kwamfutar a kan tabarma na kunna.

Dada ta ce, "Ke Fadima, farillan alwala nawa ne? Kada ki dubi ƙasa, ba can aka rubuta ba."

Baffa ya ɗago kai. Bakinsa ya motsa, na ga yana lissafawa da yatsu tare da matar da aka tambaya.

Tambaya ya ce, "Da akwatina aka ɗauka, da ya fi haka."

Na ce, "Wataƙila. Ka zo da shi Kebbe mu gwada, akwai saura ɗaya. Sai dai ka zo da takalmin roba."

"Kebbe?" in ji Baffa. "Wa ya ɗauki wanga?"

"Goggo Atu ta ce ka je da kanka ka tambaye ta."

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar. Sannan ya jawo gwangwanin da ƙafa zuwa gefena, ya ce wa Tambaya ya yi haƙuri, a gaida gida. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban jira ya faɗa ba. Tambaya yana fita ya gyara zama, ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

Ya ce, "Mai da shi baya. Wurin da tac ce kada ki dubi ƙasa."