Yatsu Tara da Allon Gargaɗi

A masaƙar, Baba Tara kowa ke ce wa babban makanike, domin yatsansa na goma injin saƙa ya haɗiye shi shekara ashirin da suka wuce. Shi kan ce ajiya ya bayar, komawa karɓa ce dai bai yi ba.

Ran Litinin ya iske sabon allo a bangon ɗakin saƙa: A KASHE NA'URA IDAN MAKANIKE YA SHIGA CIKI. Ya karanta sau biyu, ya dubi hannunsa, ya nufi ofishin sabon manaja.

"Ranka ya daɗe, a cire kalmar na'ura a allon nan, a sa inji."

Manajan ya gyara tabarau. "Baba, inji ai na niƙa ne. Mashin kuma babur. A masana'anta na'ura ake cewa. Sai da na duba ƙamus."

"Ƙamus ɗin ne zai kwanta a ƙarƙashin inji lamba huɗu da yamma? Ni ne, da tumbin nan da shiga ke masa sauƙi, fita ke masa wuya. Tara suka rage mini, kuma duk ina so."

"Allo ya riga ya kafu, Baba."

"To, mu gwada. Kira duk wanda ka ga dama, ka faɗa masa abin da ka rubuta."

Manajan ya leƙa ƙofa ya yafito wata dattijuwa, masaƙiyar da ta fi kowa daɗewa a wurin. "Inna, taimaka ki kashe na'ura."

Ta ce to. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta sunkuya bayan teburinsa ta zare wayar kwamfuta daga bango. Rahoton da yake rubutawa tun safe ya tafi ko sallama babu. A bayan bango kuwa, injuna na ta rugugi abinsu.

"Ba wannan ba, Inna. Na ɗakin saƙa."

"Au, inji kake nufi? To ka ce inji mana, ɗana. Na'ura ai taku ce ta 'yan ofis."

Baba Tara ya ɗaga kai yana nazarin silin.

Kafin yamma mai fenti ya shafe kalmar, ya rubuta INJI. Aka kashe lamba huɗu, Baba Tara ya shiga, ya fito da ƙyar, ya ƙirga yatsunsa a gaban jama'a.

"Tara," in ji shi. "Har yanzu bai maido da ajiyata ba."