Watan Ƙarfe

Tun da idon Tay Insoy ya fara yin yana, aikin magagari na ƙirar bindiga ya koma hannun 'yarsa Narsing. Shi dai yakan zauna a kan kututture a bakin rumfar ƙira, can bayan gonar ayaba, ta miƙo masa ƙarfe ya shafa da yatsa, ya ce "saura kaɗan" ko ya yi shiru. Shirun nan shi ne yabonsa. Masu saye da ke hawowa tudun daga garin Danao ba su san aikin mace suke saye ba, ita ma ba ta so su sani. Da ta ji ƙarar babur sai ta shige bayan buhunan gawayi.

Ranar Litinin yayanta Berting ya zo, kuncinsa na hagu a kumbure. Shi bai taɓa riƙe magagari ba. Tun yana saurayi ya gudu birni, ya yi shekara tara yana gadin kanti da doguwar bindigar da bai taɓa harbawa ba, ya dawo ya kama kiwon zakarun faɗa. Duk tudun an ji labarin: jiya a dandalin zakaru, Gardo mai motocin yashi ya ce Berting ya shafa guba a wuƙar da ake ɗaura wa zakaransa a ƙafa, ya kuma kwaɗa masa mari a gaban jama'a.

Berting ya kwance wani hankici a cinyar tsohon. Harsashi biyar ne a ciki.

"Tay," in ji shi, wato baba, "ƙaramar bindiga nake so. Libarba, mai cin wannan."

Tsohon ya mirgina guda a yatsunsa. "Ai na fistol ne. Ga fistol can biyu a gwangwanin shinkafa, ɗauki ɗaya."

"Fistol tana ɗaga riga, daga nesa a gan ka kamar mai cikin wata bakwai. Kuma taku ta gida sai ta ci biyu ta shaƙe a na uku, kamar tsohuwa da ƙayar kifi."

"Ka ji ɗan banza. Wannan tsohuwar ce ta ciyar da kai."

"Libarba ba ta gardama, Tay. Ta kwanta a aljihu ba wanda ya sani, harsashinta kuma kowane lungu akwai. Ga shi ba ta zubar da kwanson harsashi a ƙasa."

Hannun Narsing ya tsaya a kan magagari. Mai neman kare kansa ina ruwansa da inda kwanso ya faɗi?

"Me za ka yi da ita?" in ji tsohon.

"Hanyar tudun nan. Ni kaɗai nake dawowa da zakaru."

Tay Insoy ya daɗe yana shafa gwiwarsa. Sannan ya juya wajen Narsing, da sunan da yake kiran ta ya ce, "Inday, kin ji yayanki."

Kwana biyar ta yi a kan bindigar. Libarba mai cin harsashin fistol tana da wata ƙa'ida da kowane maƙeri a tudun ya sani. Harsashin libarba yana da leɓe a gindi da ke riƙe shi a bakin rami, na fistol kuwa ba shi da shi. Don haka ake yanka wani siririn faifan ƙarfe mai gurbi biyar, a maƙala harsasan a jiki, a zura su gaba ɗaya. Wata suke ce masa. In babu wata, a ƙirar Tay Insoy, harsashi zurmawa yake yi cikin rami, tsinken da ke dukan gindinsa ya bugi iska.

Ranar Laraba maƙwabciyarsu Nang Sebya, mai sayar da busasshen kifi, ta tsaya shan ruwa, ta ce Gardo ya samu kwangila a tsibirin Leyte, Talata mai zuwa zai tafi da motocinsa, sai bayan wata shida. Narsing ta ƙirga a zuci. Lahadi ake faɗan zakaru, kuma Lahadi ɗaya ce tak tsakaninsu.

Ranar Alhamis Berting ya zo cin tsakin masara da kifi. Ta zauna gefensa, maganar tana bakinta tun safe. Ta kira shi yadda ƙanwa ke kiran yaya.

"Manoy."

"Na'am, kurma ta yi magana. Tay, a yanka kaza."

"Da ka bar shi."

"Wa?" Ya dube ta, murmushin ya bar fuskarsa.

Ta sunkuyar da kai. "Ba komai. Ƙashin kifin nake nufi, na kyanwa ne."

Ya yi dariya, ya dungure mata kai kamar lokacin da suke yara.

A rumfar Tay Insoy bindiga ba ta fita sai ta gaida ayaba. Ranar Asabar da hantsi suka tsaya su uku a gaban wani kututturen ayaba da ya sha gaisuwa har ya ruɓe. Narsing ta juya baya, ta zura harsasan rumfa biyar a maƙale da wata, ta rufe, ta miƙa wa yayanta. Ya harba biyar ɗin a jere, kaji suka watse. Ya ba ta bindigar ya tafi duba ramukan da ya yi. Ta buɗe, kwansunan suka fito tare da watan a tafin hannunta, ta jefa duka a aljihun zanen aikinta.

"Ka sake gwada ta a gida, Manoy. Da naka harsashin."

"Biyar gare ni, in ba ayaba? Ai ta ƙoshi." Ya zura bindigar a aljihun wando, ya saki riga a kai, ya juya gabanta. "Kin ga wani abu?"

Ba ta ga komai ba. Aikin ya yi kyau.

Da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, tsohon ya ce, "Kin ba shi watan?"

"E, Tay."

Lissafinta ba mai wuya ba ne. Zai zo zura harsashi ya ga suna zurmawa, ya dawo yana zagi. Sai ta ce watan ya karye, sabo sai kwana uku. Kafin nan Gardo yana tsakiyar teku. Ta yini tana sauraren hanya. Ranar Lahadi ba ta je coci ba, ta ce kanta na ciwo, ta zauna a bakin rumfa da watan a hannu. Babura uku suka wuce, babu nasa.

Da la'asar aka fara yayyafi. Nang Sebya ce ta hawo tudun, lemarta a rufe a hammata, ruwa yana dukan ta. Ba ta yi gaisuwa ba. Ta durƙusa a gaban tsohon ta kama hannunsa.

"Nong Insoy, Berting."

Ta faɗi labarin a hankali. Masu bincike a ƙofar dandali sun shafa ƙugunsa ba su ji komai ba. Ya jira aka gama faɗa na uku, ya matsa kusa da Gardo, ya zaro bindigar, ya ja kunama. Kowa ya ji ƙaras, ya sake ja, ƙaras. Direban Gardo yana tsaye a gefe da fistol, tasa kuwa ba ta shaƙe ba. Kafin a kai Berting asibiti rai ya yi halinsa.

Ta ciro wani ƙunshin ganyen ayaba daga kwandon kifi. "Wani ya ɗauke kafin 'yan sanda su iso, don kar sawu ya hawo nan."

Tay Insoy ya kwance ƙunshin. Ya buɗe bindigar, ya ɗaga bakinta sama, harsasai biyar suka silalo tafin hannunsa. Ya bi gindin kowanne da babban yatsa. Sumul suke, tsinke bai taɓa ko ɗaya ba. Berting ya ga sun shiga, ya ɗauka haka ake yi.

"Inday."

"Tay."

"Ina watan?"

Ta matsa gabansa. Ta ajiye masa faifan a hannu, ya yi ɗumi saboda riƙo. Ta so ta ce Talata, ta ce Leyte, ta ce kwana uku kawai take nema. Tsohon ya zagaya gurbin nan biyar da farce, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake duba kowane aiki nata. Bai ce saura kaɗan ba.

Nang Sebya ta dubi uban, ta dubi 'yar, ba ta fahimci komai ba. "A ƙasa ana ta magana, Nong. Wai bindigar Insoy ta kashe ɗan Insoy. Me zan ce musu?"

"Ki ce musu idona ne," in ji tsohon. "Ki ce na tsufa, na manta abin da ake haɗa ta da shi."

"Tay, ai ni ce..."

"Je ki ɗauko farar rigar yayanki ta coci, tana cikin akwatin uwarku. Ki goge ta, da ita za a binne shi." Ya damƙa mata watan, ya rufe yatsunta a kai da nasa. "Wannan kuma ki adana. Ba na son in sake jin sa a hannuna."

Ta shiga ɗaki ta hura gawayin dutsen guga. Rigar ta daɗe a ninke, layin ninkin ya ƙi kwanciya. Ta yayyafa ruwa ta sake bi, ta sake bi. Duk sanda ta sunkuya, sai ta ji bakin faifan yana sukar cinyarta ta cikin aljihu.