Haƙoran Tela a Gaban Kwamiti

A shekarar ƙarshe da ƙa'idar shekaru ta yarje masa neman shiga makarantar likitocin haƙori, Auta ya samu kiran ganawa da kwamitin ɗaukar ɗalibai. Kwamitin ya riga ya san abin da duk unguwa ta sani. Tun Auta yana saurayi, wani tela ya yanke masa wando ya tsaya a ƙwauri, gardama ta yi zafi, Auta ya rarumi dutsen guga, haƙoran gaba biyu na Tela suka faɗa cikin ƙyallaye. Alƙali ya kira abin jikkata mutum da gangan, ya tura shi gidan yari. Da ya fito ya tarar ya ƙara tsawo, wandon kuwa yana nan yadda yake.

Tun daga lokacin yake aiki a ɗakin baya na wani asibitin haƙori, inda ake zuba siffar bakunan mutane da filasta domin yi musu haƙoran roba. Bakunan suna jere a kan kanta, farare fat, ba leɓe ba harshe, kuma su kaɗai ne jama'ar da ba ta taɓa tambayarsa tarihinsa ba. A nan ya yi wa Tela haƙora biyu kyauta. Duk sanda suka cinye sai ya sake wasu, domin Tela bai daina gutsure zare da baki ba.

Ran ganawar yayarsa ce ta goge masa riga. A gidan akwai wata doka da ba a rubuta ba, wadda ta hana a miƙa wa Auta dutsen guga.

"In sun tambaya, ka ce ƙuruciya ce," in ji ta. "Kada ka ambaci Tela. Kada ka ambaci haƙori."

"Yaya, makarantar haƙori ce fa."

"To ka ambaci na wasu."

Barandar da ake jira doguwa ce, da benci a jikin bango da fanka mai juyawa kamar an tilasta mata. Sauran masu neman shiga duk ƙannensa ne a haife, suna ta bitar littafi. Rana ta ratso ta gilashin taga ta kwanta a kan gwiwarsa, idanunsa suka yi nauyi. Sai ya ga bakunan filastarsa sun sauko daga kanta sun zauna a kujerun kwamiti, suna buɗewa suna rufewa ba sauti. Ya ga kansa cikin farar riga mai tsawon gaske, tana jan ƙasa, tana bin baranda, tana sauka matakala, mutane suna tsallake ta cikin ladabi. Daga can nesa ƙanshin man keken ɗinki ya taso, yana matsowa.

Ya buɗe ido. Tela ne zaune kusa da shi, da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Likita, barci kake a bakin arziki?"

"Maigida, me ya kawo ka nan?"

"Shaida. Yayarka ta biyo ta shago ta ce kada in kuskura in zo. A nan na gane abin babba ne."

Kafin Auta ya sami kalmar korarsa masinja ya kira shi. Tela ya miƙe ya bi bayansa da natsuwar wanda aka gayyata, masinja kuwa ya ga furfura ya ba shi hanya.

Mutum uku ne a bayan tebur: wata farfesa mai tabarau, magatakardan makaranta, da wani matashin likita da ke zana da'ira a gefen takarda. Magatakarda ya karanto laifin da muryar da ake karanta sanarwar ɗauke wuta, sannan ya nemi jin ta bakin mai nema. Auta ya daɗe yana tsara jawabinsa, har da inda zai numfasa. Ya buɗe baki ke nan, Tela ya riga shi. Ya shimfiɗa hankici a kan tebur, ya sa babban yatsa, ya ciro haƙoran ya ajiye, ya yi wa kwamitin murmushi da giɓinsa.

"Ranku ya daɗe," ya ce, iska tana fita tare da maganar, "ga aikinsa na farko." Ya nuna giɓin bakinsa, sannan ya nuna haƙoran da ke kan hankici. "Ga kuma na biyu."

Matashin likita ya bar da'irarsa a buɗe. Magatakarda ya dubi hankicin da damuwar mutumin da aka kawo wa abin da ba shi da fayil. Auta ya ji kamar har yanzu a bencin yake, yana jiran wani ya tashe shi.

Farfesa ta sa safar hannu, ta ɗaga haƙoran wajen taga. Haske ya ratsa jan robar, ta yi kamar ɗanyen nama.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Na asalin fa, wa ya cire?"

"Ni ne."

Ta zagayo, ta sa Tela ya buɗe baki, ta leƙa. "Gefen hagu yana gugar dasashi. Ga tabo nan. Tun yaushe, Malam?"

"Tun na farkon."

Auta ya juyo. "Shekara da shekaru? Me ya hana ka faɗa mini?"

"Likita, karon ƙarshe da ni da kai muka yi gardama kan abin da bai zauna daidai a jiki ba, ai ka san inda aka kwana."

Farfesa ta tambayi Auta dalilin gugar. Ya ce zai iya kankare gefen, amma kullum ya sake awo sai ya tarar bakin ya sauya, kuma bai san me ke sauya shi ba.

"Ƙashi ne yake janyewa in haƙori ya tafi," ta ce. "Ana koyar da shi a shekara ta biyu."

Magatakarda ya yi gyaran murya. Ya tunatar da cewa makaranta tana iya ɗaukar mutum, amma hukumar ba da lasisi ba a ƙarƙashinta take ba. Tana iya duban tsohon hukuncin bayan an gama karatu ta ce a'a.

"Ka ji," in ji Farfesa. "Za ka iya zuba shekarun karatu a kan wataƙila?"

"Ranki ya daɗe, da ma a kanta nake zaune."

Ta naɗe haƙoran cikin hankicin, ta tsallake hannun Tela da ya miƙo, ta ba Auta. "Ka gyara gefen. Ka kawo mini ranar da za a buɗe zangon karatu, tare da mai bakin."

A waje rana ta yi sanyi. Suka sauka matakala a hankali, haƙoran suna aljihun Auta, Tela yana rufe baki da hannu in za su gifta mutane. A bakin ƙofa ya tsaya, ya zare tef daga wuyansa, ya dubi Auta daga kafaɗa zuwa gwiwa.

"Farar rigar ni zan ɗinka."

Auta ya miƙe sosai ya buɗe hannuwa.

"Ka ƙara mata tsawo, Maigida."