Laka a Ƙafar Halliru

"Inna, mi yas sa dogari ka duba ƙahwar mutane? Ba wuya ka ciwo ba?"

Ɗiyata Asta ce, a tsakiyar layi, da ƙarfi. Na toshe mata baki, amma kowa ya ji.

Shekarar sanƙarau ce. Malamin asibiti ya sauka Goronyo da ƙwayar Turawa 'yar kaɗan, anka ce duk wanda ya taɓa zaman gidan yari shi koma baya, sai in ta yi saura. Kowa ya san ba ta saura. Tabon mari, ƙarfen da ake ɗaure fursuna da shi, dogari ke nema a idon sawu.

Mijina Halliru na kife bisa jaki, wuya ya sandare. Shekarar yunwa ya saci damin gero, ya yi zamansa a Sakkwato ya gama. Tabon ne bai gama ba.

Na ba Asta igiyar jaki, na gangara gulbi na ciko ƙwarya da laka. Mu mutanen Taloka ban ruwan albasa muke yi, laka a ƙafa ba abin kallo ba ce. Na shafe Halliru har gwiwa. Amma shi kaɗai da ɗanyar laka ai tonon asiri ne. Sai na durƙusa gaban Inno, tsohuwar ungozoma da ta kawo jikanta.

"Inno, don Allah."

"Kulu, gerona na hwa yas sata."

"Na sani, Inno."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta tsoma hannu ta shafa wa kanta, ta shafa wa jikan, ta miƙa ƙwaryar gaba. Kafin dogari shi waiwayo, layi duk ya yi baƙi.

Dogari ya daka tsawa. "Wace marar kunya tay yi wanga aiki? Ku wanke!"

Na miƙe. "Ni ta."

Inno ta miƙo ƙafa. "Taho ka wanke min, ɗan nan. Ni niy yanke maka cibi, kana tsala ihu kamar akuya."

Layi ya kwashe da dariya, har masu nishi. Malamin asibiti ya dubi rana, ya dubi ƙafafu, ya ce a kawo waɗanda wuyansu ya fi sandarewa. Halliru na cikinsu. Ya haɗiye ƙwayar, ya tashi.

Kai mai karatu, ranar da rabon magani ya faɗo hannunka, dubi inda ke ciwo. In ka duƙa neman tabo, ka sani irina na nan bakin gulbi, laka kuma ba ta ƙarewa.