Tsohuwar Gwaji

…ja ne, Inna. Akwatin gargaɗi ya cika allon majigi, kuma ni na zaɓa masa wannan launi, na ce a yi ja irin wanda likita ba zai iya kau da ido daga kansa ba. To, ga shi ni ma na kasa.

Ɗakin taro, fanka na juyawa, likitoci sun jeru da kofunan shayi. Oga yana ta bayani: manhaja ce da za ta duba magungunan mara lafiya, in akwai biyun da ba sa jituwa ta tsayar da likita kafin a ba shi. Nawa aikin in nuna musu. An ce in ƙirƙiro mara lafiya ta ƙarya don gwaji — haka ake yi, ba a taɓa bayanan mutanen gaske. Ƙirƙira… ni da na koyi aikin nan daga littattafan gwanjo, me na sani a magani? Tsoro na ji kar in haɗa abin da za su yi mini dariya. Sai na sauko da gwangwanin biskit ɗinki na kan firji, na kwafe sunayen da ke jikin kwalayen magungunanki. Shekarunki. Nauyinki. Na raɗa mata suna Tsohuwar Gwaji. Har murmushi na yi, wai ni mai dabara.

Jiya ba ta yi ja ba. Jiya babu dokokin haɗin magunguna a cikin manhajar, sai da safen nan Dogo ya zuba su. Dogo mai haɗa magani, wanda ke naɗe hannun riga in zai yi rubutu, wanda nake ƙirƙiro tambaya don kawai ya sunkuyo kan kwamfutata… Yau don shi na ɗaura gyalen nan mai ruwan zuma. Kin gani ai, kika ce, Auta, kwamfutar ce ake yi wa kwalliya haka?

Maganin tsinka jini, wanda asibiti ya ba ki. Maganin ciwon gwiwa, wanda — wanda ni na sayo a kemis. Haɗarin zubar jini, in ji allo. Mai tsanani.

Oga ya ɗauka da gangan na yi. Yana gaya musu yarinyar nan ta iya ɗana tarko, suna ta gyaɗa kai. Dogo ya waiwayo… murmushi. Murmushin da na daɗe ina jira, na sha zana shi a raina a cikin mota, ga shi ya zo — a kan wannan?

Kina dafa bango kina miƙewa, kina cije leɓe don kar in ji. Na ce ba zan iya kallo ba. Farar ƙwaya, mai kemis ya ce tana aiki kamar yankan wuƙa. Ta yi kuwa. Kika hau matakala ba tsayawa, kika leƙa ta taga kika ce wa maƙwabciya: tun da Auta ta fara aikin asibiti gwiwata ta san tana da gata. Likitar kwamfuta, haka kike kirana. Ban taɓa gyara miki ba. Daɗi nake ji.

Babban likita ya ajiye kofi. "Irin wannan kullum muna gani," in ji shi. "'Ya'ya ne ke kwantar da iyayensu da tausayi."

Dariya kaɗan. Ni ma bakina ya motsa, Inna, wallahi ya motsa tare da su.

Dogo yana ba da shawara a ƙara alamomi a ƙasan gargaɗin, don nas ta san abin da za ta duba. Yana lissafawa da muryar nan tasa mai sanyi. Shatin baƙi a fata ba tare da an buge ba — damtsenki, kika ce ƙofar kicin ce, na ce ki riƙa kunna fitila. Jini a dasashi — buroshinki, na sayo miki mai laushi. Jiri, kasala… shekaranjiya kin zauna a tsakiyar shara kina cewa tsufa ne. Na ce tsufa ne. Duk na gani. Ɗaya bayan ɗaya na gani, kowanne na nemo masa magani. Wace irin 'ya ce ke gina abin da zai tsare uwar kowa, tata tana zubar da jini a gabanta?

Oga yana yi mini alama in wuce gaba. Ba a wucewa haka nan. Ni na tsara: sai likita ya rubuta dalili a ɗan gurbin ƙasa. Na yi gardama a kan gurbin nan, na ce duk mai haɗa irin magungunan nan ya faɗi hujjarsa. Ga shi yana ƙifta mini. Dalili… gwiwarta na ciwo. Dalili, ina son ta ce likitar kwamfuta.

In na yi shiru taron zai ƙare da tafi, in fita in kira ki a ɓoye, ba mai sani. Amma me zan ce ki yi? Ki daina wanne? In kawo ki yanzu ko gobe? Ban sani ba, Inna, ban taɓa sani ba. Masu sanin ga su zaune. Rana ta take bakin taga, kin kusa gama cin abinci, kuma ni na sa miki ƙararrawa a waya don kar ki manta farar ƙwaya bayan abinci. Ba kya mantawa. Kin ce abin da Auta ta ce shi ne.

Na miƙe. Kujera ta yi ƙara.

"Ba ta gwaji ba ce," na ji bakina yana cewa. "Innata ce."

Ba na kallon Dogo, na dai ji ya ture kujerarsa yana tambaya tun yaushe take sha, a hankali, kamar yadda yake wa masu zuwa tagar magani. Ba muryar da na so ba ce… ita ce dai ta dace da ni.

Waya a kunnena. Tana shiga. Kina barin taki a kan firji in za ki wanke kwanuka, kusa da gwangwanin. Tana shiga, Inna… ɗauki wayar tukuna, kafin ƙwayar. Wayar tukuna.